Tsuntsu da Ciyawar Teku: Tsayawa Ko Bin Ruwa?

Wurin Karatu: Ibraniyawa 2:1-4, Afisawa 4:11-16, Ayuba 12:7-10

Ayar Haddacewa: Ibraniyawa 2:1

Manufa: Iyali su gane cewa tsayawa cikin bangaskiya aiki ne na kowace rana, su kuma shirya 'ya'yansu tun kafin ranar da za su bar gida.

Gabatarwa

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Gombe ya san yadda kwarurukan garin nan suke idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta. Kwarin da yara suka yi wasa a cikinsa da safe, kafin la'asar ya cika ya batse. Ruwa na gudu da leda, da kara, da tsofaffin takalma, wani lokaci har da akuyar da ba ta yi sa'a ba. Dukan waɗannan abubuwa tafiya suke yi, da sauri kuwa. Amma a cikinsu babu wanda ya zaɓi inda za shi.

Marubucin Ibraniyawa yana da irin wannan hoto a zuciyarsa sa'ad da ya gargaɗi masu bi a farkon sura ta biyu. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana nufin abin da ruwa ya zare a hankali ya wuce da shi, kamar jirgin da ba a ɗaure ba, ya zarce mashigi ba tare da matuƙi ya lura ba. Bai ce za su tashi rana ɗaya su yi musun Ubangiji ba. Tsoronsa shi ne za su zauna kawai, ruwa ya yi sauran aikin.

Ayuba 12:7-10 ya aike mu makaranta wurin dabbobi, da tsuntsaye, da ƙasa, da kifaye. Saboda haka a wannan darasi za mu ɗauki halittu biyu na Allah, tsuntsu ɗaya da ciyawa ɗaya, mu ajiye su gefe da gefe, mu ga abin da za su koya mana.

Mu Fara Da Na Gida

Akwai wani ɗan tsuntsu da ke zuwa gidajenmu idan zogale ko kauci ya yi fure. Bakinsa siriri ne mai lanƙwasa, namijin kuwa gashinsa na ƙyalli idan rana ta haske shi. Hausawa na kiransa shakauci, domin yana shan zaƙin furen kaucin da ke tsirowa a kan rassan itatuwa. Ba ya zama wuri ɗaya. Daga wannan fure sai wancan, tun safe har yamma.

Akwai kuma kainuwa, wadda muke gani shimfiɗe a kan tafki ko kududdufi. Tana da saiwa, amma saiwar tana reto ne a cikin ruwa, ba ta kama ƙasa ba. Idan iska ta buso daga gabas, sai a iske kainuwa ta taru a yamma. Idan iska ta juya, ita ma ta juya.

A hayin teku akwai wasu halittu biyu masu irin wannan hali, sai dai nasu ya fi fitowa fili. Ba dangin shakauci da kainuwa ba ne na kusa, amma wanda ya san na gida ba zai sha wuyar gane na waje ba.

Jan-wuya: Ƙaramin Tsuntsu Mai Babban Aiki

A nahiyar Amurka kaɗai ake samun wani jinsin tsuntsaye masu shan zaƙin fure, iri fiye da 300, waɗanda Turawa suka raɗa wa suna saboda ƙugin da fikafikansu ke yi kamar na ƙudan zuma. Za mu ɗauki iri ɗaya daga cikinsu, wanda namijinsa ke da jan maƙogwaro mai sheƙi. A darasin nan za mu kira shi jan-wuya.

Tsawonsa bai wuce santimita 9 ba. Nauyinsa kimanin giram 3 ne, wato bai kai dunƙulen Maggi ɗaya ba. Yana kaɗa fikafikansa kimanin sau 50 cikin sakan ɗaya, zuciyarsa kuwa takan buga har sau 1,200 a minti ɗaya idan yana tashi. Shakauci yakan sauka a kan reshe ya sha fure, amma jan-wuya yana iya tsayawa cak a cikin iska a gaban fure, kamar an rataye shi da zare. Yana iya tashi da baya ma. Saboda yawan ƙarfin da yake ƙonewa, dole ya ci abinci sau da yawa cikin kowace sa'a. Yakan ziyarci ɗaruruwan furanni a yini, ya haɗa da ƙananan ƙwari.

Macen ce ke gina sheƙa, ƙarama ƙwarai, ta ɗaure ta da yanar gizo-gizo, don haka sheƙar tana buɗewa yayin da 'ya'yan ke girma. Takan saka ƙwai biyu, kowanne kamar ƙwayar wake. Ita kaɗai ke kwanci, ita kaɗai ke ciyarwa. A nan kam, kada iyaye maza su yi koyi da jan-wuya!

Yana hayayyafa a gabashin ƙasar Amurka da kudancin Kanada. Idan sanyi ya gabato, wajen Agusta zuwa Oktoba, sai ya yi ƙaura zuwa Meksiko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Waɗansu sukan bi gaɓa su zagaya. Amma da yawa sukan ƙetare Tekun Meksiko kai tsaye, tafiyar kimanin kilomita 800, wato kamar daga Gombe zuwa Bauchi sau biyar. Babu itace, babu fure, babu wurin sauka, har na kusan sa'o'i 20. Kafin ya tashi yakan yi kwanaki yana ci, yana tara kitse, har nauyinsa ya kusa ninkawa. Ba sa tafiya a garke. Wanda aka ƙyanƙyashe a bana ma shi kaɗai yake yin tafiyarsa ta fari, ba uwa a gaba, ba uba a baya.

Sargasum: Ciyawar Da Ba Ta Taɓa Kama Ƙasa Ba

A ƙarƙashin wannan ɗan tsuntsu, a kan ruwan da yake ƙetarewa, akwai wata ciyawa mai launin ƙasa-ƙasa da rawaya tana lilo. Sunanta sargasum. Dangin gansakuka ce, ba ta da saiwa ko kaɗan, ba ta fure. Tana da ƙananan ƙwallaye cike da iska, kamar 'ya'yan itace, su ne ke riƙe ta a saman ruwa. Yawancin ciyayin teku a manne suke da duwatsu, amma akwai iri biyu na sargasum da ke yin dukan rayuwarsu a kan ruwa. Haihuwarsu ma ba wuya: reshe ya karye, ya ci gaba da girma, shi ke nan.

Akwai wani yanki a Tekun Atilantika da ake kira Tekun Sargaso saboda yawan wannan ciyawa. Shi kaɗai ne teku a duniya da ba shi da gaɓa, igiyoyin ruwa huɗu ne suka kewaye shi. A watan Satumba na 1492, da Kolumbus da matuƙansa suka shiga wurin suka ga ciyawa ko'ina, sai suka ɗauka tudu na kusa. Ashe a ƙarƙashin ciyawar zurfin ruwa ya kai dubban mitoci, tudu kuwa sai bayan makonni.

A mazauninta sargasum albarka ce. 'Ya'yan kunkurun teku na ɓuya a cikinta, ƙananan kifaye da ƙaguwa na samun abinci da mafaka. Amma tun daga 2011 ta fara bayyana da yawa a inda ba a saba ganinta ba. A 2018 hotunan tauraron ɗan adam sun nuna ta shimfiɗe daga Afirka ta Yamma har Tekun Meksiko, tsawon fiye da kilomita 8,000, nauyinta ya haura tan miliyan 20. A watan Mayu na 2025 ta wuce tan miliyan 37. Masana na danganta wannan da sauyin iska da igiyoyin ruwa, da kuma ƙaruwar abubuwa masu takin da ke shiga teku. Ta sha tuɗaɗowa a gaɓar Saliyo, da Gana, da Najeriya, da tsibiran Karibiyan. Tana cika tarun masunta, tana tare jiragen kamun kifi. Idan ta taru a kan yashi ta ruɓe, sai ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai cutar da numfashi.

To, ga su nan su biyu a teku ɗaya, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Me za mu koya?

Darasi Na Ɗaya: Tsayawa Aiki Ce

Idan ka ga jan-wuya a gaban fure za ka ce hutawa yake yi, alhali a lokacin ne yake aiki mafi tsanani. Idan ka ga sargasum ta yi tafiyar dubban kilomitoci za ka ce ta sha wahala, alhali ba ta motsa ko ganye ɗaya ba. Ido yana ruɗinmu a nan.

Haka yake a rayuwar mai bi. Dattijuwar da ta yi shekara 40 a Zumuntar Mata, ba ta fasa addu'ar asuba ba, ba ta bar gaskiya a ciniki ba, mutane na iya cewa tana nan inda take. Ba su ga fikafikan da ke kaɗawa ba. Amma ja da baya ba ya bukatar shawara. Ba sai ka ce daga yau na daina karanta Littafi Mai Tsarki ba. Ya isa ka ce sai gobe. Yau wutar lantarki ce ta dawo a lokacin addu'ar iyali, aka kunna talabijin. Gobe gajiya. Jibi kowa na riƙe da wayarsa. Bayan wata shida ba wanda zai iya faɗin ranar da aka daina.

Dubi Lutu. A Farawa 13:12 ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. A 14:12 yana zaune a cikin birnin. A 19:1 yana zaune a ƙofar gari, wurin zaman manya. Ba a faɗa mana ranar da ya yanke shawarar zama ɗan Saduma ba. Dubi Dimas kuma. A Filimon 24 abokin aikin Bulus ne, a Kolosiyawa 4:14 yana aika gaisuwa, a 2 Timoti 4:10 ya tafi saboda ƙaunar duniya. Sannu-sannu ruwa ke tafiya da mutum.

Darasi Na Biyu: Yawa Ba Tudu Ba Ne

Matuƙan Kolumbus sun ga ciyawa ta rufe ruwa, suka zaci ƙasa ce ke kusa. Wanda ya taka ta da ya nutse. Mu ma mun san kududdufin da kainuwa ta rufe, ya yi kore shar kamar fili, har yaro ya sa ƙafa.

Afisawa 4:14 ya kwatanta masu bi marasa girma da yaran da kowace iskar koyarwa ke kaɗawa. A zamaninmu iskar tana da yawa. Tana zuwa ta fastocin da ake mannawa a bango, ta rediyo, ta Facebook da TikTok. Wannan ya ce ka kawo kuɗi ka sayi mu'ujiza, wancan ya ce kakarka ce ta ɗaure ka. Sai ka ga mai bi bana yana nan, baɗi yana can, ya zaga majami'u biyar cikin shekara uku, bai zauna a ƙarƙashin koyarwa ko horon ko ɗaya ba. Idan ka tambaye shi dalili, sai ya ce ai kowa can yake zuwa. Matasanmu ma haka suke ji a makaranta: kowa na satar jarrabawa, kowa na shan abin da ake sha.

Sargasum tan miliyan 20 ba ta fi reshe ɗaya sanin hanya ba. Iska ce ta tara su, iska ce za ta zubar da su a gaɓa. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 sun sami yabo domin sun riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, ko da yake Bulus ne da kansa ke wa'azin. Iyali su koyi tambaya ɗaya: a ina aka rubuta?

Darasi Na Uku: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Wannan sashe na iyaye ne musamman. A lokacin da jan-wuya ke shirin ƙetare teku, wajen watan Satumba, a lokacin ne mu ma muke raka 'ya'yanmu tasha. Wannan za ta makarantar kwana, wancan ya sami gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, wani za shi Jos ko Zariya, wata za ta bautar ƙasa a jihar da ba ta san kowa ba. Mukan cika akwati da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da sabulu. Amma akwai guzurin da ba ya shiga akwati, ba a kuma haɗa shi a daren tafiya.

A tsakiyar teku jan-wuya ba shi da abin da zai ƙona sai abin da ya tara tun yana kan tudu. Haka yaronmu. A ɗakin kwanan ɗalibai babu mai tashinsa zuwa sujada. Abin da aka zuba masa a gida, shi zai ɗauke shi. Daniyel yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila, aka canza masa suna da harshe da makaranta, amma ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba (Daniyel 1:8). Da ya tsufa ma, addu'a sau uku a rana ta riga ta zama al'adarsa kafin a kafa dokar hana ta (6:10). Timoti ya san Nassi tun yana ɗan yaro, ta wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5, 3:15). Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora wannan aiki a kan iyaye, a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. Malamin Makarantar Lahadi yana da yaronka sa'a ɗaya a mako. Sauran sa'o'i 167 fa?

Mu tuna kuma da sheƙar da ke buɗewa. Yadda ake bi da yaro ɗan shekara biyar ba haka ake bi da ɗan shekara sha biyar ba. Saurayin da ba a bari ya yi tambaya a gida ba zai kai tambayarsa wani wuri. Gara ya yi ta a gaban mahaifinsa, Littafi Mai Tsarki a buɗe.

Bishara ta iso Kaltungo a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya fito a 1932. Kakanninmu da yawa sun koyi karatu ne domin su karanta shi, waɗansu sun sha kora daga gida saboda shi. Amma bangaskiyar kaka ba ƙwallon iska ba ce da jika zai yi ta lilo a kai. Kowane tsara sai ya kaɗa nasa fikafikan.

Gargaɗi Biyu

Na fari, kada mu raina ciyawa. Allah ne ya yi ta, ya kuma ga tana da kyau. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah. Sargasum ba ta yi zunubi ba da ta bi ruwa, don haka aka halicce ta. Mutum ne aka ba shi zuciya da zai zaɓa, shi ne bin ruwa bai dace da shi ba. Idan kuwa akwai wanda ruwa ya riga ya tafi da shi a gidanmu, ɗa ko miji ko mata, ba aikinmu ba ne mu toshe hanci. Yakubu 5:19-20 da Galatiyawa 6:1 sun ce mu komo da shi, da tawali'u, muna lura da kanmu.

Na biyu, kada mu yi taƙama da fiffike. Jan-wuya bai shuka fure ba, bai zuba zaƙi a ciki ba, bai ƙera fikafikansa ba. Nasa shi ne ya je ya sha, yau da gobe, kamar yadda Isra'ilawa suka riƙa tattara manna kowace safiya (Fitowa 16). Ceto ta wurin alheri ne, ba ladan ƙoƙarinmu ba (Afisawa 2:8-9). Filibiyawa 2:12-13 ya haɗa biyun: muna aiki domin Allah ne ke aiki a cikinmu. A daren sanyi ma jan-wuya yakan kama reshe, jikinsa ya huce, bugun zuciyarsa ya ragu ƙwarai, ya kwana kamar matacce, da safe ya farka. Mai bin da ya gaji, ba a ce ya yi ta kaɗa fiffike har ya faɗi ba. Yana da reshen kamawa. Ibraniyawa 6:19 ya kira begenmu anka na rai, Yesu Kristi kuwa shi ne ya riga mu shiga inda aka kafa ta.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Bisa ga Ibraniyawa 2:1, mene ne maganin zarewa? Yaya za mu yi shi a gidanmu?
2. Waɗanne abubuwa ne suka fi cinye lokacin addu'ar iyali a wannan gida?
3. Ka taɓa yin wani abu don kawai kowa na yi? Ina ya kai ka?
4. Yara: idan kun bar gida gobe, waɗanne ayoyi ne kuke da su a ka?
5. Iyaye: wace tambaya ce 'ya'yanku ke jin tsoron yi muku?

Aikin Iyali

A cikin makon nan a cika kwano da ruwa, a ɗora ganye a kai, ƙaramin yaro ya hura shi daga kowane gefe, kowa ya ga inda ganyen ke zuwa. Sa'an nan a fita da sassafe a nemi shakauci a kan furanni, a ƙirga furen da zai ziyarta cikin minti biyar. Bayan haka iyali su tsai da lokaci ɗaya na karatu da addu'a, ko da minti 15 ne, a rubuta shi a manna a bango. Wanda ke nesa, a kira shi a waya a wannan lokaci, ko sau ɗaya a mako.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da kake ciyar da tsuntsaye, kake kuma ƙawata ciyayi, mun gode maka domin halittarka tana koya mana. Ka gafarta mana inda muka zauna ruwa ya tafi da mu. Ka ba iyaye hikimar shirya guzurin 'ya'yansu tun da sauran lokaci. Ka riƙe 'ya'yanmu da ke makarantu da wuraren aiki, inda idonmu ba ya kaiwa. Ka komo da waɗanda suka yi nisa. Ka tsai da mu cikin Maganarka har ranar da za mu sauka a ɗaya hayin. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.